Kayan ɗakin ɗiyata daga hannun tsofaffin 'yan kaso

Bayan Sallar layya da ta wuce aka sa auren ɗiyata ta uku. Duk uwar da ta taɓa aurar da ɗiya a Tahoua ta san ba ranar ɗaurin aure ke hana barci ba, ranar jere ce, ranar da dangin ango za su shigo ɗaki su ƙwanƙwasa gado da yatsa, su buɗe armuwar, su fita suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ya sa tun cikin azumi na fara zagayen kafintoci, daga bakin babbar kasuwa har hanyar Konni, kuma duk inda na je kukan ɗaya ne, katako ya yi tsada. Ban ga laifinsu ba. Mu nan Adar ba mu da dajin katako, daga kudu yake zo mana, kuma tun da aka rufe iyakoki a 2023 kuɗinsa ya hau, bai sake saukowa inda yake ba. Gado, armuwar mai ƙofa uku da teburin madubi, mafi sauƙin da aka yi mini jika ɗari uku da hamsin, ban da katifa. Ni kuwa malamar lakkol ce da ta ajiye alli, kowa ya san nauyin da fansho ke iya ɗauka.

Ɗan ƙanena ne ya ce mini, "Gwaggo, akwai wani atiliye da wata ƙungiya ta buɗe wa waɗanda suka fito daga kaso. Ki je ki gani, in bai yi miki ba ai ba a kama hannunki ba." Yaron nan ya san abin da yake faɗi. Wata goma sha huɗu ya yi a tsare kan maganar babur ɗin da ya saya bai san na sata ba ne, yana jiran ranar da za a kira shi gaban alƙali, kuma mu muka riƙa kai masa tuwo a kwano duk yamma. Tun daga lokacin na bar yi wa ɗan kaso kallon da nake yi masa da. Amma barin kallo daban, ba mutum kuɗin auren ɗiyarka daban.

Na je ranar wata Talata da hantsi. Rumfar kwano ce babba a cikin wani kango, da ɗaki guda inda suke kulle kayan aiki. Allon da ke bakin ƙofa rana ta cinye rubutunsa, sai hotunan tambarin waɗanda suka ba da kuɗin buɗe wurin ake iya ganewa. Mutum shida na tarar. Babban kafintan dattijo ne, shi bai taɓa kwana a kaso ba, ƙungiyar ce ta ɗauke shi ya koyar. Sauran biyar duk sun yi zama, ƙaraminsu bai fi shekara goma sha tara ba. Ba wanda ya taso da rawar jiki don ya ga mai saye. Suka gaishe ni, kowa ya koma kan abin da yake yi. Wannan ya burge ni, don na gaji da shagunan da ake tarbarki da "Hajiya, Hajiya" kamar za a goya ki, ranar karɓar kaya kuma a ɓace miki.

Mai kula da wurin tsohon magatakardan kotu ne, mutum mai gilashi da littafi a hammata. Muka yi ciniki a jika ɗari biyu da tamanin, na ba da kafin alƙalami jika ɗari da hamsin, ya rubuta mini takarda ya buga hatimi. Ya ce kwana arba'in. Ku riƙe wannan kwana arba'in ɗin, za mu komo kansa.

Da na faɗa a gida, maigidana Malam bai ce komai ba, shi dai a rage masa kuɗi. Yayarsa ce ta ajiye carbi. "Ke yanzu gadon amarya za ki ba ɓarayi su yi? Mi za ki ce wa dangin miji in sun ji? Hali zanen dutse ne, wanga abu ba ya da albarka." Na ce, "Yaya, katako dai katako ne." Ta ce to, ta ji, amma kada in sa sunanta a ciki. Ban ce mata ɗan ƙanena ma ɗan kaso ne ba, don ta sani, ita ma ta taɓa ba da dambu a kai masa. Haka muke. Da azumi za ki ga mata da attajirai da ƙungiyoyi suna kai buhunan hatsi, sukari da sabulu ƙofar gidan kaso, kowa na neman lada, kuma ladan Allah Ya ba su. Ranar da mutumin da ya ci hatsin ya fito ya ce a ba shi aikin gyaran ƙofa, sai a ce maigida ba ya nan.

Bari in faɗi yadda kayan suke, tunda don shi na ɗauki alƙalami.

Gadon ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Jan katako ne, ba farin nan mai taushi da ake shafa wa fenti a ce ja ne ba. Na sa an juya shi a gabana na duba ƙasansa, don a can ake ɓoye ha'inci. Ƙafafun an huda an shigar da su cikin juna an sa gam, ba ƙusa kawai aka buga ba, kuma sandunan da katifa ke zama a kai guda goma sha biyu ne, a jere kusa da kusa. Gadon babbar ɗiyata da na saya da tsada shekarun baya sanduna bakwai gare shi, kafin ta yi haihuwar fari ya lotsa a tsakiya. Wannan kuwa ranar jere mata huɗu manya suka hau suka zauna suna ɗaura labule, ko ƙara bai yi ba. Zanen da ke jikin allon kai da hannu aka sassaƙa shi, ba irin na roba da ake mannawa ba. Gefen hagu ya ɗan fi na dama zurfi, sai wanda ya ƙura ido zai gani, ni kuma na fi son haka.

Teburin madubi daidai ne, ba yabo ba fallasa. Aljihunsa na shiga na fita.

Armuwar ce ta ba ni haushi. Jikinta lafiya, amma an sa mata maratayan ƙofa masu araha, irin na gwangwani, ƙofar tsakiya mai madubi kuma nauyi gare ta. Kwana tara da tarewa ta saki, ta karkace, ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Sannan man sheƙin da aka shafa, a fili aka shafa shi ana iska, ƙura ta manne a gefe ɗaya, in kin shafa hannu sai ki ji kamar yashi. Wanda ya san Tahoua ya san ba a shafa wa katako mai a waje da rana tsaka, wannan ba sai an je makaranta ba. Rumfar ba ta da bango, na gani, amma ko tabarma aka kewaya da an rage.

Sai maganar kwana arba'in, da ya koma sittin da uku. Sau huɗu ina hawa kabu-kabu ina zuwa. Zuwan farko aka ce an ɗauke wuta kuma ba man gurup. Na biyu aka ce haƙorin injin tsaga ya karye, babu irinsa a garin, an aika Yamai. Na uku aka ce wanda ya fi iya haɗa armuwar ya tafi cirani bai yi sallama ba. Ban yi mamaki ba, wane gida ne a Adar ba ya da ɗa a Abijan ko Libiya ko Aljeriya? Kaya dai ba su iso ba sai ana jibi jere, a kan amalanke, ni na biya mai jakin. Da na san haka ne da ban yi barci ba tun farko.

A zuwa na uku ne na zauna na sauke wa mai kula da wurin abin da ke cikina. Abin da ya fi ɓata mini rai ba jinkirin ba ne, kalmar da ya fara da ita ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, taimako ne kike yi." Na ce, "Malam, a'a. Taimako na san inda nake kai shi ranar Juma'a. Nan ciniki na zo yi. In kuna so a ɗauki yaran nan kafintoci, ku bar sa tausayi a gaba in an makara. Kafinta in ya saɓa alkawari ana yi masa faɗa, su ma ku bari a yi musu." Ya cire gilashi ya goge, ya yi dariya, ya ce rabon da wani ya yi musu faɗa irin na mai saye har ya manta. Yawanci ko dai a ƙi zuwa, ko a zo a sayi kujera ɗaya a ɗauki hoto.

Daga nan hira ta ɓarke, ya sa aka kawo mini shayi. Shekarunsa a kotu sun sa ya san cikin abin. Ya ce matsalar gidajen kason ƙasar nan ba ɓoyayya ba ce: cunkoso, da yawan masu jiran shari'a, waɗanda sun fi rabin mutanen da ke tsare. Babban gidan kaso na Yamai tun zamanin Turawa aka gina shi, don mutane 'yan ɗaruruwa, ga shi birni ya ninka ya sake ninkawa. Akwai Kollo, akwai Say, akwai Daikaina wajen Tillaberi, akwai Kutukale mai tsananin tsaro, kuma gardi ne ke tsaron su duka. Gardi aikinsa kada kowa ya gudu. Koyar da sana'a, neman dangin yaron da aka kama a tasha ba wanda ya san inda yake, bin takardar wanda aka manta da shi, yawancin wannan ƙungiyoyi ne suka daɗe suna yi. Ya ambaci ANDDH, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa tun 1991, da Prisonniers Sans Frontières mai aiki da 'yan sa-kai, da Grandir Dignement da ta fi maida hankali kan yara ƙanana da ke tsare. Tasu ƙungiyar ƙarama ce, 'yan gari ne suka haɗu, ba ta kai waɗannan ba.

Dokoki kuwa, in ji shi, ba su muka rasa ba. Tun 2011 aka yi dokar kafa hukumar ANAJJ don talaka ya samu mai tsaya masa a shari'a ba da kuɗinsa ba. A 2017 aka yi dokar tsarin gidajen kaso, aka kuma yi wadda ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon kulle shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2015 ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku, kuma a cikinsu akwai cewa a koya wa ɗan kaso sana'a mai amfani, a biya shi ladan aikinsa, kada kuma a sake shi a bakin ƙofa a juya masa baya. Na ce, "To Malam, ina aka tsaya?" Ya nuna mini injin da ya mutu. Poroje ne ya sayo shi, an yi biki, an yanke ƙyalle. Da porojen ya ƙare, kuɗin katako, kuɗin wuta, albashin dattijon kafinta, duk suka koma kan abin da aka sayar. Ba wanda ya rubuta kuɗin haƙorin inji a cikin takardar.

Ya kuma ce yanayin aikin ya sauya. A watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta dakatar da ziyarar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a gidajen kaso, a 2025 kuma CICR, ƙungiyar Red Cross ta duniya wadda ta daɗe tana ziyartar tsararru, ta rufe ofisoshinta a ƙasar bisa umurnin hukuma. Ni ba 'yar siyasa ba ce, shi ma bai tsaya sharhi ba. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu ƙarfinsu a waje yake, wurin wanda ya riga ya fito da ledar kayansa a hannu, kuma kuɗin da za su dogara da shi na 'yan gari ne.

Abu ɗaya da na gani da idona ya sa na sassauta. Ya buɗe littafin nan na hammata ya nuna mini shafin aikina. An rubuta kuɗin katako, na gam, na ƙusa, na madubi, sannan abin da ya rage an raba: kason atiliye, kason kowane ma'aikaci da sunansa, wani ya sa hannu, wani ya dangwala yatsa. Daga kason kowa ana cire wani abu a ajiye masa, ranar da zai tafi ya buɗe nasa a haɗa masa zarto da guduma da abin fere katako. Na koyar shekara talatin, na ga littattafan kuɗi na ƙungiyoyin iyayen yara iri-iri, na san wanda aka cika jiya da dare don baƙo. Wannan tawadarsa kala-kala ce, gefensa ya yi baƙi da hannu.

Da ƙofar armuwar ta saki na buga waya. Washegari da safe, ba jibi ba, ƙaramin nan nasu ya zo da jakar kayan aiki da sababbin marataya masu kauri, ya ce an ce kada ya karɓi ko dala. Ni na raka shi gidan amarya, don angon ya fita. Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya kwance ƙofar, ya toshe tsofaffin hudojin da 'yan tsinken katako da gam, ya jira, ya sake hudawa. Yana aiki muna hira. Ya ce, "Inna, ni wata takwas na yi, wayar salula ce, kuma na ɗauka, ba ƙarya aka yi mini ba." Na ji daɗin da bai ce sharri aka yi masa ba. Ya ce da ya fito, shagon da yake koyon gyaran babur suka ce an cika. Ya so shiga aikin soja, sai aka ce cikin takardun da ake nema akwai kaziye, takardar nan ta kotu da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, sai ya fasa tun kafin ya kai. Uwarsa na son sa, amma in ya shiga ɗaki sai ta ɗauke jakarta. Ya faɗi haka yana ɗaure ƙusa, ko ɗagowa bai yi ba.

Ni kuwa a daidai lokacin hannuna na kan bakin zanena, inda na ɗaure makullin akwatin lefen ɗiyata tun kafin mu shigo. Ban kwance ba. Ina faɗa ne don kada wata ta karanta ta ce na fi ta.

Da ya gama ya buɗe ƙofar ya rufe sau biyar, ya ce in gwada. Ya ga gefen da ƙura ta manne, ban ma nuna masa ba, ya ce wannan aikinsa ne, shi ya shafa. Ya fito da takardar goge katako ya bi wurin a hankali, ya ce zai komo da mai in an yi kwana biyu ba iska. Ya komo. Na ba shi jika guda na kabu-kabu, ya ƙi, na ce kai ɗan nan karɓi, uwa ce ta ba ka.

Wadda ke da biki nan da wata guda, kada ta je, za ta sha ciwon kai. Wadda ke da wata uku a gaba ta je, ta ce a rubuta ranar karɓa a kan takardar da ke hannunta ba a baki ba, ta sayi maratayan ƙofa da kanta a kasuwa ta kai musu, ta kuma ce a shafa man sheƙi da sassafe ko a cikin ɗaki. Ta tanadi kuɗin amalanke. Duk da waɗannan, na rage kusan jika sittin, kuma gadon ya fi na masu tsadar. Ƙungiyar kuma, in wannan ya isa gare su, ina ganin sun iya koyarwa, sun iya riƙon amana, amma ba su iya neman kasuwa ba. Makarantu nawa ne a garin nan yara ke zaune a ƙasa ba tebur? Magajin gari, masu makarantun kuɗi, masu masallatai da ke neman akwatin ajiye Alƙur'anai, ba wanda suka je suka ƙwanƙwasa wa ƙofa, suna zaune suna jiran poroje na gaba. Wurin ba ya da ko lambar waya a jikin allo. Mutum shida ne kawai rumfar ke ɗauka, waɗanda ke fitowa kuwa kowane wata fitowa suke yi, har da mata, da ban ga an tanadar musu komai a nan ba.

Ranar jere dangin ango sun ƙwanƙwasa gadon kamar yadda na zata. Wata gwaggon angon ta tambaya ko daga Sakkwato aka kawo shi. Yayar Malam na tsaye a wurin, ta kalle ni, na kalle ta, ta ce, "Nan garin aka yi shi." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Makon jiya yayar Malam ta aiko jikarta da awon bangon madafinta a jikin zare, ƙulli biyu, tsawo da faɗi. Kanta take so a yi mata ta jera kwanoni. Ta ce in kai musu kamar nawa ne, in an gama a sauke a gidana, ita za ta aiko a ɗauka da dare.